Ɗalibi, Ka Mai da Imel Allonka

Yau jan hankalina a kan rubutun da muke yi a waya ne. Yaron da ba ya yarda ɗigo ɗaya ya kuɓuce masa a allo, da ya ɗauki waya sai ka ga "slm, ykk, lfy". Haba ɗan'uwa! Ina tarbiyyar alƙalami ta tafi?

Kai da ka tashi da rubutun allo ka san darajar ɗigo. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Ka sauya masa wuri, ka sauya magana. To, haka lanƙwasa take a boko. Baƙi daban, baki daban. Ƙafa daban, kafa daban. In ka rubuta wa malam "Audu ya bata littafi", me kake nufi? Ya ɓata littafin ne, ko ya ba ta littafin? Ɗaya laifi ne, ɗaya kyauta. Raba kalma da lanƙwasa baƙi su ke raba gardama.

Shawarata ita ce ka mai da manhajar imel, irin su Gmail, allon gwaji. Ka buɗe sabuwar wasiƙa, ka sa adireshinka da kanka a gurbin wanda za a aika wa. Ka rubuta darasin yau. Ka danna alamar B ka kaurara kan magana, ka yi sakin layi inda zance ya sauya, ka jera abubuwa da lamba 1, 2, 3. Sannan ka aika, ka buɗe, ka karanta kamar wani ne ya aiko maka. Ba a wanke wannan allo da ruwa, kuma tawadarsa ba ta ƙarewa.

Kada ka raina wannan wasa. Duk sanda ka kaurara kalma, manhajar tana sa mata wasu alamomi a ɓoye, gaba da baya, da ake kira HTML. Da su ake gina shafukan intanet. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro su, kuma ya bayyana wa duniya aikinsa a watan Agustan 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Ke nan mai gyara wasiƙa ya taka matakin farko na wannan sana'a.

Amma fa a kula da jan layin nan da ke fitowa ƙarƙashin kalma. Na'ura ba malami ba ce. Jerin kalmomi aka zuba mata, tana gwada abin da ka rubuta da su. In an saita ta a Turanci, za ta taimake ka a wasiƙar Turanci, amma Hausarka duk za ta ja mata layi, wani lokaci ma ta canza maka kalma ba da izininka ba. Ko ta san Hausa, ba za ta gane baƙi kake nufi ko baki ba, tunda duka kalmomi ne. Saboda haka ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa don ka sami ƙ da ɗ da ɓ, sauran gyara kuwa idonka ne da malaminka.

Wani uban zai ce, "Mu da muke raba su da waya?" Gaskiya ne, Baba, waya na da illa. Sai dai tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma mai neman shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sai ya bi ta nan. Yaron Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu da bai taɓa buga layi ɗaya ba, ranar zai fara? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ara masa wayar minti 20 bayan la'asar, yana zaune gabanku, ya karanta muku abin da ya rubuta.

Malamai kuma, don Allah a riƙa duba wannan allo kamar yadda ake duba wancan. Allah Ya yi wa karatunmu albarka, amin. Wassalam.