Mabuɗi A Kafaɗa: Labarin Shebna Da Eliyakim

A cikin littafin Annabi Ishaya, sura ta 22, akwai wani annabci da aka yi a kan mutum biyu masu riƙe da muƙami ɗaya, watau wakilcin fadar Hezekiya, sarkin Yahuza. Na farkonsu Shebna ne. Ana cikin fargabar mayaƙan Assuriya, shi kuwa yana can yana sa a sassaƙa masa kabari a kan dutse, yana taƙama da karusansa. Annabi ya gaya masa a fili cewa za a tuɓe shi. A shekarar 1870 an sami wani rubutun kabari a Silwan, daura da Urushalima, mai ambaton wakilin fada. Yana gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma wasu masana suna ganin na Shebna ne.

Wanda aka ce zai gaje shi Eliyakim ne ɗan Hilkiya. Za a sa masa riga da ɗamara, ya zama uba ga mutanen birni, a aza masa mabuɗin gidan Dawuda a kafaɗa. Lalle kafaɗar nan abin lura ce, gama a kafaɗa ake ɗaukar kaya. Da Sennakerib ya aiko da rundunarsa a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa, Eliyakim ne ya fita a matsayin wakilin fada ya saurari baƙar maganar jakadan Assuriya, Shebna kuwa yana tare da shi, an mai da shi magatakarda.

To, amma wurin da masu wa'azi suka fi tsallakewa shi ne ƙarshen surar. An kwatanta Eliyakim da maratayin da aka kafa a bango mai ƙarfi, sai dangin ubansa kakaf suka zo suka rataya kayansu a kansa, daga 'yan kofuna har tuluna. Daga nan aka ce wata rana maratayi zai karye, kayan su zube. Masu tafsiri sun rabu biyu: wasu sun ce da Shebna ake, wasu sun ce da Eliyakim. Fassara ta biyu ta fi bin zaren maganar, ko da yake ba ta da daɗin ji.

Ashe ba handama kaɗai ke ka da shugaba ba. Ba a zargi Eliyakim da sata ko girman kai ba; abin da aka ambata nauyin 'yan'uwa ne. Duk wanda ya bar gida ya sami ɗan matsayi a Ikko ko Badun ya san yadda saƙonni ke biyo shi: wannan yana neman aiki, wancan kwangila, kuma wanda ya ƙi a ce ya yanke zumunci. Zumunci wajibi ne, babu musu. Sai dai mabuɗin da aka ba Eliyakim na gidan Dawuda ne, ba na gidan Hilkiya ba, kuma mutanen da aka ce ya zame wa uba su ne mazaunan Urushalima da Yahuza gaba ɗaya.