Maharban Bauchi Su Bar Bindiga Yadda Aka Ƙera Ta

Akwai wata dabara da ta daɗe a hannun maharban Jamus da Amurka. Wani siririn bututun ƙarfe ne da ake zurawa cikin bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, don ta riƙa cin harsashin da ba nata ba. Bindiga mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai wajen milimita 18 da rabi, sai ta harba ɗan ƙaramin harsashi, har da na fistol.

Ba wuya a gane abin da zai ja hankalin maharbin Bauchi ga wannan abu. Harsashi ya yi tsada, ga shi maharba da 'yan banga na wajen Alkaleri suna fama da 'yan fashin daji masu manyan makamai. To, amma araha ba ta ado. Wannan dabara ba ta dace da maharbin Bauchi ba, kuma duk ɗan'uwan da ke Ikko, ko Sabon Badun, ko Anaca, in aka aiko masa ya nemo irin wannan kaya, ya ba da haƙuri.

Dalili na farko shi ne doka. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka, lasin ɗinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta mai cin harsashi, nata yana hannun Sufeto Janar. Fistol da bindigogin soja kuwa, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Lasin na bindiga guda ne da harsashinta. Ranar da aka sami harsashin fistol ko na soja a jakar maharbi, takardar da ke aljihunsa ba za ta cece shi a gaban alƙali ba. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba, saboda haka maƙerin da ya yarda ya yi aikin shi ma ya shiga uku.

Na biyu, ƙarfe ba ya jin lallashi. Ƙarfin fashewar harsashin fistol mai milimita 9 ya ninka na bindiga mai lamba 12 wajen sau uku, na AK-47 kuwa kusan sau huɗu. Turawan da suka ƙirƙiro abin ba da ka suke yi ba. A Jamus sai hukuma ta gwada bututun ta buga masa hatimi, a Ingila ma akwai gidan gwajin bindiga a Bamingam tun 1813. Ina mai gwada abin da aka ƙera a bayan gida? Idan ƙarfe ya fashe, hannun mai harbi da idonsa ne a kusa, ba ɓarawon daji ba.

Na uku, gajeren bututu ba ya saiti. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a daji, ba nama ba fata. Bauchi kuwa tana da abin da za ta yi asara. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama ta tarayya a 1991, sa'an nan ta komo hannun jiha a 2006. 'Yan giwayen da suka rage a can ba su bukatar ƙarin bindigogi masu cin kowane irin harsashi a kewayensu.

Mazauna Kudu sun fi kowa sanin na huɗu. A watan Maris 2025 aka tare motar wasu maharba a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar Kano daga Fatakwal. Ganin bindigogin farauta a motar ya sa aka kashe mutum 16. Zalunci ne tsagwaronsa, ba shi da hujja ko kaɗan. Amma ya nuna irin idon da ake kallon ɗan Arewa mai ɗauke da makami. Duk wanda aka kama a tasha da kayan sauya bindiga, ba kansa kaɗai ya jawo wa ba, har da masu gadi, da fatake, da direbobin da ke neman halaliyarsu.

Kukan maharba gaskiya ne, amma maganinsa yana hannun hukuma. Ya kamata rundunar 'yan sandan Jihar Bauchi ta zauna da sarakunan baka da shugabannin 'yan banga, a yi rajistar kowace bindiga, a kuma buɗe wa mai lasin hanyar sayen harsashinsa ta halal. Yaƙi da masu AK-47 aikin soja da 'yan sanda ne. Maharbi sanin daji ne nasa, kuma da shi ya fi amfani.

Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu su ma su ja kunnen matasa a masallatai da tashoshin mota. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.