Daga Fim Zuwa Waya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Hoto

 Tambayoyin da suka fi yawa a wannan makon a kan hoto ne. Mafi tsawo daga cikinsu ta zo ne daga wata uwa a Lajawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil a Jihar Kano. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ya bar mata kyamarar fim da leda cike da negetif. Ita kuma tana son ta gaje shi wajen ɗaukar hotunan dangi da wayarta, sai dai lambobin da ke jikin kwalin waya sun rikita ta. Za mu bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, mu haɗa da na sauran 'yan uwa.

Me ya bambanta fim da kyamarar waya?

Waɗanda suka girma kafin zuwan wayar salula Najeriya a 2001 sun san yadda abin yake. Ranar Sallah ko suna a kira mai hoto, a jera, ya danna sau ɗaya. Fim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba wanda ya san abin da ya fito sai an kai birni an wanko. Fim leda ce da aka shafa wa sinadarin da haske ke canzawa. A waya kuwa wani ɗan ƙaramin faranti ne a bayan idon kyamara, wanda ake kira sensa, yake karɓar hasken ya mayar da shi lambobi.

Wani injiniya mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar farko ta irin wannan a kamfanin Kodak na Amurka a 1975. Nauyinta ya ɗara kilo 3 da rabi, baƙi da fari take ɗauka, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Abin da aka ƙirƙira a cikin gidan Kodak shi ne ya cinye kasuwar fim, har kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Janairun 2012.

Babban bambancin da ya shafe mu shi ne wannan: fim yana barin kati da negetif a hannunki. Waya ba ta barin komai a hannu, sai abin da kika yi dabarar adanawa.

Wayar da ta fi yawan megafiksel ita ce ta fi kyan hoto?

Ba dole ba ne. Megafiksel ɗaya na nufin ƙananan ɗigo miliyan ɗaya da suka haɗu suka yi hoto. Don wanke kati na albam mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6 ya fito raɗau, megafiksel 2 da 'yan kai sun wadatar. Yawancin wayoyin da aka rubuta wa 48 suna haɗa ɗigo huɗu ne su zama ɗaya, sai hoton ya fito a 12. Abin da ya fi tasiri shi ne girman sensar, da ingancin gilashin idon kyamarar, da hasken wurin. In za ki sayi waya, ko a Wudil ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ki ɗauki hoton hannunki a cikin shagon inda haske bai da yawa, ki buɗe shi ki duba. Gani ya kori ji.

Me ya sa hoto ke dushewa in na zuƙo shi?

Zuƙowa iri biyu ce. Akwai wadda gilashi ke yi, kamar a manyan kyamarori da wasu wayoyi masu tsada. Akwai kuma wadda waya ke yanko tsakiyar hoton ta kumbura shi, ita ce a yawancin wayoyinmu, shi ya sa fuskar yaro ke fitowa dishi-dishi. Maganin shi ne ki taka ki matsa kusa. In hoton ƙaramin yaro ne, ki durƙusa idon kyamarar ya yi daidai da nasa. Kafin ki danna kuma, ki goge idon da gefen mayafi mai laushi, musamman da hunturu. Sau da yawa ƙura da maiƙon girki ne ke ɓata hoto, a ɗora wa waya laifi.

Me ya sa fuskokinmu ke yin duhu?

Wannan tsohuwar matsala ce. Shekaru da yawa masu wankin hoto suna daidaita injinansu da katin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, don haka baƙar fata ba ta samun haƙƙinta a kati. Kamfanin Transsion, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya samu karɓuwa a Afirka har da dalilin daidaita kyamarorinsa da baƙar fata.

Duk da haka haske ne kan gaba. Kada taga ko rana ta kasance a bayan wanda za ki ɗauka, ki juya shi hasken ya sauka a fuskarsa. Rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, gara inuwar darbejiya ko bakin zaure, ko hantsi, ko bayan la'asar. Ki taɓa fuskar a kan allon waya kafin ki danna, wayar za ta daidaita haskenta da fuskar.

Lambobin nan 100, 200 da 400 da ke jikin kwalin fim ɗin Baba su ake kira ISO, wato ƙarfin jin haske. Waya da kanta take zaɓa. Da dare takan ɗaga shi sama, sai ki ga hoto kamar an watsa masa yashi. Ki kusanci fitila, ki jingina gwiwar hannunki da bango don kada wayar ta motsa. Filashin waya kuwa ba ya kai nisa, kuma yana sa hoda da man fuska ƙyalli.

Sai manhajar nan mai gyara fuska, da ke ƙara fari da santsi. Don Allah ki kashe ta in za ki ɗauki 'ya'yanki. Yarinyar da kullum take ganin an hasko ta a hoto za ta iya tashi tana ganin launin da Allah ya ba ta bai isa ba. Nan da shekara 20 kuma, ainihin kamanninta za ki so gani.

Ina zan adana hotunan?

A nan ne ake yin babbar asara. Hoton auren Inna na nan a albam har yau, amma gidaje nawa ne hoton sunan ɗan fari ya tafi da wayar da aka sace ko ta faɗa ruwa? Ki riƙe doka ɗaya: duk hoton da ba ki son rasawa ya zauna a wuri uku. Ɗaya a waya, ɗaya a intanet, ɗaya a kati.

Google na ba kowane mai adireshin Gmail gigabait 15 kyauta, wanda saƙonni da fayiloli da hotuna ke rabawa. Ki kunna adanawa a Google Photos lokacin da kike da data, ki rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ki ɓoye. Mata da yawa a shagon waya aka buɗe musu, in wayar ta ɓata ba su san mabuɗin ba.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci. Tun 2023 akwai maɓallin HD, ki danna shi in hoton na wanki ne. Tura shi a matsayin fayil ya fi kiyaye inganci, sai dai a haka yakan tafi da bayanan da ke ɓoye a jikinsa, har da inda aka ɗauka in kin bar wannan a kunne. Ki shiga saitin kyamara ki kashe nuna wuri. Kafin ki ba mai gyara waya kuma, ki cire memori, ki kwashe hotunanki na cikin ɗaki. Rigakafi ya fi magani.

Ko sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Sallah misali, ki zaɓi hotuna 20 ki kai a wanke. Kati ba ya buƙatar caji.

Negetif da kyamarar Baba fa?

Kada ki zubar da ko ɗaya. Negetif shi ne asalin hoton, kuma akwai na'urar da ke mayar da shi hoton kwamfuta. Ki tambayi manyan shagunan wankin hoto a Kano. Ki riƙe shi ta gefe, ki sa a ambulan ɗin takarda, a akwatin da ke nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina. Kyamarar kuma ki cire mata batir kada ya zube ya cinye ta. Har yanzu ana yin fim, amma ya yi tsada, masu wanke shi kuma sun yi ƙaranci.

Tsoffin katunan ki shimfiɗa su a inuwa mai haske, ki kashe filashi, ki ɗauke su da waya daga sama. Wanda ya manne da ledar albam kada ki ɓamɓare shi, ki ɗauke shi a yadda yake. Sannan ki zauna da Hajiya ko Gwaggo tun suna da rai da lafiya, su faɗa miki su wane ne a ciki, ki rubuta sunaye da shekara a bayan katin da fensir. In waɗannan tsofaffin suka tafi, ba mai iya gaya wa jikokinki wace ce wannan mai goyon.

Wane hoto ne mafi tsufa a gidanku, kuma yaya kuka adana shi? Ku faɗa mana a ƙasa, sauran iyaye su amfana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.