Ƙarfin Da Ake Biya Da Zafi: Darasi Daga Wasan BattleTech

A shekarar 1984 kamfanin FASA da ke birnin Shikago na Amurka ya fito da wani wasan yaƙi na kan tebur, wanda daga baya ya yi suna da BattleTech. Ana shimfiɗa taswira, a jera 'yan gumakan motocin yaƙi masu ƙafafu biyu, a riƙa jefa ƙwayoyin lido don a ga harbin wa ya samu. Labarin a ƙarni na 31 yake, nauyin motocin daga tan 20 zuwa 100, kuma ba fetur suke sha ba. A ƙirjin kowace akwai injin da ke haɗe ƙwayoyin zarra na haidurojin, irin aikin da ke sa rana haske.

Wannan inji dai har yau babu shi. Na'urar ITER da ake haɗawa a kudancin Faransa don gwada irin wannan aiki za ta kai tan 23,000, ga shi ana so cikinta ya yi zafin digiri miliyan 150. A Disamba 2022 masana a Kalifoniya sun haɗe ƙwayoyin zarra da lesa, suka samu makamashin da ya fi wanda hasken lesarsu ya zuba, amma wutar da lesar ta ja daga layi ta ninka abin da aka samu kusan sau ɗari. Ballantana a ɗora irin wannan a kan ƙafafu a ce ya yi gudu.

Masu ƙirƙirar wasan sun yafe wa kansu wannan ƙarya guda, suka ce an ƙanƙantar da injin. Abin da ya burge ni shi ne ba su yafe wa kansu zafi ba. Kowace mota tana da takardarta, a gefe akwai ma'aunin zafi daga 0 zuwa 30. Ka yi tafiya, maki ɗaya. Ka yi gudu, biyu. Ka harba babbar bindigar PPC, goma cur. Zafi ya kai 5, ƙafa ta yi nauyi. Ya kai 8, saiti ya fara kaucewa. A 14 inji na iya mutuwa a tsakiyar fili, a 19 harsasan da ka ɗauko na iya tashi da kai. Duba motar da ake kira Awesome, mai tan 80: PPC uku gare ta, na'urorin sanyaya inji kuwa 28, kowace na kwashe maki ɗaya. In ta saki ukun, zafi 30 ke nan, saura biyu sun kwana a jiki. Shi ya sa gwanaye kan harba uku, su sake uku, sannan biyu. Wani ma kogi yake faɗawa ya tsaya, tamkar direban da ya ratse gefen titi yana ɗura wa lagireto ruwa.

A nan kimiyya tana bayansu, domin duk injin da ya ba da wuta mai yawa sai ya bar zafin da dole a nema masa mafita. Inda wasu littattafan wasan suka zarme shi ne fashewar inji kamar bam. Irin wannan wuta, da an huda mazubinta, mutuwa take yi.

Marubutanmu na littattafan yaƙi da masu shirya fim, wannan ya shafe ku. Sau nawa muka ga jarumi da takobin tsafi ko laya, ya karkashe dubu, ko gumi bai yi ba? Da mai karatu ya gane babu abin da zai taɓa shi, zullumi ya ƙare, sai ƙirga shafi. Ba laifi ku ƙago abin da babu. Ai ƙagaggen labari ne. Amma ku yanka masa farashi tun a babin farko, mai karatu ya san iyakarsa, kuma in an kai jarumi bango kada ku ɗage masa dokar.