Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sa Mata Linux? Kada Ka Yi Saurin Goge Ta

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wasu masu tsofaffin laftof da ba sa ɗaukar Windows 11 suka koma Ubuntu ko Linux Mint, tunda kyauta ne. Sai dai wani lokaci kana gama lodawa kwamfutar ta ƙi tashi, ga furojet ɗinka a ciki. A nan ne mutum kan ruɗe ya goge komai, alhali yawanci fayilolinsa suna nan, hanyar tashin ce kawai ta rikice.

Idan tun farko kwamfutar ta ƙi ganin filashin da ka ɗora Linux a kai, kana kunna ta ka riƙa danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce, ka zaɓi filashin da kanka. Ka kuma lura da yadda aka shirya shi a Rufus: tsarin UEFI na tafiya da GPT, tsohon BIOS kuma da MBR. Idan Windows ɗinka a UEFI take, ita ma Linux a UEFI za ka sa ta, in ba haka ba GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashi, ba zai nuna Windows ba.

Idan fuskar ta yi baƙi ƙirin, galibi direban katin hoto ne. Da GRUB ya fito, danna e, ka nemo inda aka rubuta quiet splash, ka ƙara nomodeset, sannan ka danna F10. In ta tashi, sai ka sa direban da ya dace.

Idan kuwa ta zarce Windows kamar ba a sa komai ba, shiga saitin BIOS ka ɗaga Ubuntu sama a jerin tashi. In hakan bai yi ba, tayar da ita daga filashin, ka fara kwashe fayilolinka zuwa wani wuri, sannan ka sauko da manhajar Boot-Repair ta gyara GRUB.

Amma a kula: kafin ka taɓa Secure Boot, duba ko BitLocker na kunne. In yana kunne, ka ajiye mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yake cikin asusunka na Microsoft, domin idan Windows ta nema ba ka da shi, ko mai gyara ba zai iya buɗe maka ba.

Sauri ya haifi nawa. Ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka canza, sannan ka wuce na gaba. Sai mako mai zuwa.