Kafin A Ce Ɗan Wabi Ne, A Auna Jininsa

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Agege ko Sabon Badun ya san irin saƙon da kan iso daga gida: jaririn wance ya kwana biyu yana amai, ya ƙi nono, da asuba Allah ya yi masa cikawa. In abin ya maimaitu a ɗaki guda, ko a Kurmin Sarki ta Suleja ce, wadda ke bakin Abuja, sai a ce wabi ne, watau abin da Yarbawa ke kira abiku. Daga nan bincike ya ƙare.

Lalle zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini sun fi kashe yara. Amma akwai wasu cututtukan gado da ke hana jikin yaro ƙona kitse. Mai lafiya in ya daɗe bai ci ba, jikinsa kan juya ga kitsen da ya ajiye. Shi kuwa wannan yaro, da zarar ciwo ya hana shi cin abinci sai sukarin jininsa ya faɗi, ya galabaita, ya suma. Uwa da uba lafiyarsu lau, alhali kowannensu na ɗauke da irin cutar, kuma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ita. Auren zumunci, duk da alherinsa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin.

Ido ba ya gane wannan cuta, sai ɗakin gwaji. Akan ɗiga jinin diddigen jariri a kan takarda, ya bushe, a aika inda na'ura za ta auna ragowar kitsen da jiki ya kasa ƙonawa. Wani likitan Amurka, Robert Guthrie, shi ya ƙago dabarar takardar a farkon shekarun 1960, kuma tun 2009 ake yi wa jariran Ingila awon ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, mai suna MCAD. Wadda aka gano da wuri, babban maganinta shi ne kada a bar yaro da yunwa, in ya kwanta ciwo kuma a gaggauta ba shi ruwan sukari.

Masu cewa talaka bai isa wannan ba su dubi Gwagwalada, inda Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka auna jarirai don amosanin jini a wuraren rigakafi, aka buga sakamakon a 2020. Busasshiyar takarda kuwa ba ta da wuyar ɗauka. Ɗakin gwaji guda ya ishi garuruwa da dama.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan Arewa na Kudu, waɗanda ba su gajiya da tara kuɗin biki da na kai gawa gida, su matsa wa wakilansu a majalisun Minna da Abuja lamba, har a sanya awon jinin jarirai cikin kasafin kuɗin lafiya.