Ilmin Kimiyya: A Fito da Shi Daga Allo Zuwa Bakin Rijiya

Kowace shekara idan hukumomin WAEC da NECO suka fitar da sakamakon jarrabawa, mukan ji iyaye da malamai da jami'an ilmi suna lissafin yara nawa suka ci darussan kimiyya, nawa kuma suka faɗi. Lissafin yana da amfani, ba mu raina shi ba. Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: cikin waɗanda suka ci ɗin, nawa ne za su koma gida su hana a haƙa masai kusa da rijiya, ko su fitar da janareta daga zaure kafin a kwanta barci? Ra'ayinmu shi ne, muddin ba mu soma koyar da kimiyya daga matsalolin da ke damun jama'a a garuruwanmu ba, za mu ci gaba da yaye masu takarda waɗanda ilminsu ya tsaya a ƙofar aji, muna kuma ci gaba da binne mutanen da sani kaɗan zai iya kare su.

Bari mu ɗauki abin da ya faru a Jihar Zamfara. A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da shiɗewa. Da aka gwada jininsu sai aka tarar da gubar dalma. Farashin zinariya ya tashi a duniya, talakawa suka shiga haƙa, suna kawo duwatsun cikin gida ana dakawa a turmi ko a niƙa a inji. Ashe duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta bazu a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya fiye da na babba har ninki huɗu zuwa biyar. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, wasu suka tashi da lahanin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi tasiri, kuma garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

To jama'a, dalma tana cikin littafin kemistiri na sakandare. Ɗalibi ya haddace alamarta, ya san ita ce ta 82 a jadawalin sinadarai, ya rubuta a jarrabawa an ba shi maki. Amma wa ya taɓa gaya masa cewa ita ce ke cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gari? Wa ya gaya masa cewa an gwada wasu nau'o'in kwalli da ake sa wa jarirai a ido aka same su da dalma mai yawa? Sinadarin ɗaya ne, darasin ɗaya ne, sai dai an raba shi da rayuwar yaron har ba ya gane shi idan ya gamu da shi a gida.

Haka abin yake game da man fetur. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, mutane suka fito da bokitai suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka hallaka. A watan Janairu na 2025 aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Mun san talauci da tsadar mai su ne suka tura mutane wurin. Amma da yawa suna zaton muddin ba a ƙyasta ashana kusa da man ba, to babu haɗari. Alhali tururin fetur shi ke kamawa, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa, tartsatsi ɗaya kuma ya ishe shi. Kazalika hayaƙin janareta da na kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu: akwai iskar guba a ciki wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa har ninki 200 da wani abu. Iyali su kwanta lafiya a wayi gari babu ko ɗaya, sai a shiga zargin abinci ko maƙwabta. Duk wannan darasi ne na ƙaramar sakandare.

Kada a ce jama'armu ba sa karɓar ilmi, domin labarin kurkunu ya ƙaryata haka. Lokacin da aka yi ƙidayar masu cutar a ƙarshen shekarun 1980, an samu fiye da mutum 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha. Abin da aka yi shi ne bayyana wa mutane yadda yake yaɗuwa: mai ciwon ya sa ƙafa a kududdufi don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo masa. Da mutane suka gane wannan zagaye, sai suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, suka hana mai ciwo shiga tafki. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankali, aka horar da 'yan sa-kai a kowane gari. Mutum na ƙarshe ya kamu a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Manoma da matan aure waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba sun fahimci darasin ilmin halittu sarai, domin an koya musu shi a bakin tafkinsu, da harshensu, a kan ciwon da ke hana su noma.

Abin da muke nema a makarantu ke nan. Malami ya fara da tambayar da ke bakin mutanen gari, sa'an nan ya ja yara zuwa ga ilmin da zai amsa ta. Alal misali, me ya sa amai da gudawa ke yawaita da damina? A birnin Landan a 1854, wani likita mai suna John Snow ya zana taswirar gidajen da kwalara ta yi kisa, ya ga sun taru kewaye da famfo guda a titin Broad, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Ya yi haka kusan shekara 30 kafin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar. Yaranmu za su iya irin wannan aiki da takarda da fensir: su zana unguwarsu, su sa alamar rijiyoyi da masai da magudanan ruwa, su auna nisa da taku, su gwada da ƙa'idar da masana ke bayarwa ta aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Daga nan malami ya shiga batun ƙwayoyin cuta, da yadda ruwa ke ratsa ƙasa, da dalilin da ya sa ake haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta don mai gudawa. A darasi guda an taɓa ilmin halittu da lissafi da labarin ƙasa, an kuma aika da abin ceton rai zuwa gidaje.

Sanin kimiyya bai tsaya ga karɓar duk abin da mai farar riga ya faɗa ba. Ya haɗa da iya tambaya: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, an gwada kuwa? A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu ta waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Har masu digiri suka tashi iyalinsu, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. Haka nan a 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Amma tsoron mutane bai faɗo daga sama ba. Suna tune da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya kai ga shari'a kan batun izinin iyaye, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Ɗalibin da aka zauna da shi aka warware labaran nan biyu zai san haƙƙinsa idan aka zo gwaji, zai kuma san bambancin hujja da jita-jita idan aka zo rigakafi.

Mun san malamai za su ce manhaja ta yi yawa, lokaci kaɗan ne, jarrabawa kuma ba ta tambayar rijiyar unguwa. Gaskiya ne wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba za ta maye gurbin tushe ba. Dole yaro ya iya lissafi, ya san sinadarai, ya iya karanta jadawali, in ba haka ba darasin zai zama hira kawai. Abin da muke cewa shi ne a sauya mashiga. Batutuwan suna nan cikin manhajar, kuma abin da yaro ya gane dalilinsa ya fi zama a kansa bisa abin da ya haddace daren jarrabawa. Ko batu guda aka ɗauka a kowane zango, an rage hasara.

Wasu za su ce babu kayan aiki. Rashin ɗakunan gwaje-gwaje abin kunya ne ga hukumomi, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma kyandir da kwalba sun isa a nuna cewa wuta tana cin iska, farin ƙyalle da ruwan kududdufi sun isa a nuna abin da ido ba ya lura da shi. Sai dai malami ya yi hattara, kada ya kai yara ramin haƙa ko ya yi gwaji da fetur da sunan koyarwa.

Akwai kuma masu tsoron cewa irin wannan darasi zai taɓa sana'ar mutane ko ya jawo rigima. Wannan tsoro yana da tushe, amma a nan ne amfanin yake. A Zamfara cewa mutane su bar haƙa bai wadatar ba, domin da ita suke ci. Abin da masana suka koyar shi ne a fitar da niƙa daga cikin gari, a jiƙa dutse don rage ƙura, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Idan ɗalibai suka yi muhawara a kan haka, wannan ya tsaya a matsayin mahaƙi, wancan a matsayin uwa, wani a matsayin hakimi, za su koyi cewa kimiyya tana nuna haɗari, jama'a kuma su ke zama su yanke shawarar yadda za a rayu da shi. Sharaɗi shi ne kada malami ya mai da aji dandalin siyasa, kada kuma a kunyata wani gida ko wata ƙabila ko wani addini.

Saboda haka muna kira ga hukumar tsara manhaja ta NERDC da ta bar wa malamai sarari su zaɓi misalai daga yankinsu, domin abin da ke damun ɗan Gashuwa dabam yake da na ɗan Kafanchan. Kwalejojin horar da malamai da ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN su koya wa malamai wannan hanya a aikace. Hukumomin jarrabawa su ƙara tambayoyin da ke neman yaro ya yi amfani da abin da ya sani, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Masu makarantu, na gwamnati da na ƙungiyoyin addini da masu zaman kansu, su riƙa gayyato ma'aikacin asibiti da malamin gona su yi wa yara bayani. A bar malami ya warware abu mai wuya da harshen da yaro ke ji kafin ya ba shi sunansa na Turanci. A kuma tabbatar 'yan mata suna cikin ajin, tun da su ne gobe za su riƙe randar ruwa da lafiyar jarirai.

Mu kuma iyaye, idan yaro ya dawo daga makaranta ya ce a matsar da janareta ko a rufe rijiya, kada mu ce masa ya cika iyayi. Kuɗinmu ne ya soma haihuwa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, rigakafin da ya fi kowanne araha kuwa shi ne yaron da ya gane abin da aka koya masa. Allah ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon gyarawa.